Wata bakwai ina neman cikakken sunan ƙarin da ke kaina

Da hannun hagu abin ya fara. Ina tsaye gaban allo ina rubuta wa 'yan aji huɗu darasi, sai in ji yatsun hagu suna rawa su kaɗai, gefen bakina ya ɗan ja sama, bai fi ƙiftawa da bismillah ba ya sake ni. Na yi kusan wata 4 a haka. Maigidana ya ce gajiya ce, ni ma na yarda, don wa zai bar aiki da yara uku ya tafi bin layi a asibiti saboda rawar yatsa? A watan Fabrairun 2024 ina shanya a tsakar gida na yanke jiki na faɗi. Ban san abin da ya biyo baya ba, sai farkawa na yi na ga maƙwabta cike da ɗaki, harshena a tauna, wani haƙorina na gaba ya ɓalle saboda cokalin da aka cusa mini a baki. Daga baya likita ya gaya mana cewa cokalin nan kuskure ne babba. Mai farfaɗiya ba ya haɗiye harshensa. A kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa rauni, a duba agogo, idan jijjigar ta wuce minti 5 a yi asibiti da shi.

Makonni uku na farko a wajen ruƙiyya suka tafi. Ba na zargin Umma, don mace 'yar shekara 34 da ba ta taɓa farfaɗiya ba ta faɗi haka kawai, abin da kowa a unguwa zai fara kawowa ke nan. An yi karatu, an yi hayaƙi, na sha rubutu. Malamin da kansa, Allah ya saka masa, shi ne bayan na sake faɗuwa a gabansa ya kalli Yayana ya ce, "Alhaji, addu'a ba za mu daina ba, amma ku kai ta a ɗauki hoton kanta." Da wani ne ya faɗa da Umma ba ta yarda ba.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa aka gwada zazzaɓin cizon sauro da taifot da sukari, aka ɗora ni a kan maganin farfaɗiya, aka rubuta mana hoton CT. Wannan hoton ba ya cin lokaci, minti kaɗan an gama. Sakamakon ya ce akwai wani wuri a gaban ƙwaƙwalwa ta dama mai ɗigo-ɗigon fari kamar garin alli, kuma ana ba da shawarar a yi MRI. A nan muka yi kuskuren farko na kuɗi. Yaya ya je wata cibiyar hoto ya biya na MRI mafi arha, wato wanda ba a yin allura. Da muka kai wa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa sai ya ce bai wadatar ba, sai an sake da allurar da ke haska ƙari, wadda ake kira gadoliniyam. Kuɗi biyu ke nan, kowanne ya fi albashina na wata. Kuma ba a yin allurar sai an kawo sakamakon gwajin ƙoda na kwanan nan, abin da ba wanda ya gaya mana sai da muka iso ranar da aka ba mu, aka mayar da mu, muka sake jiran kwana 9.

Wanda bai taɓa shiga na'urar MRI ba ya shirya wa ƙara. An sa na cire 'yan kunne da zobe da fil ɗin mayafi, har kwallin idona wata nas ta ba ni auduga na goge, ta ce wani kwallin yana da ƙarfe a ciki. Aka kwantar da ni, aka kifa mini wani abu kamar kwando a fuska, aka tura ni cikin rami. Kusan minti 40 ana bugu kamar maƙera suna aiki a cikin kunnena, kuma an ce ko yawu zan haɗiya in yi a hankali. Na karanta Ƙulhuwallahu ban san adadi ba. Da za mu fita aka miƙo mana takardar sakamako da manyan hotuna a ambulan. Ma'aikacin ya tambaya ko muna son faifai, sai an ƙara ɗan kuɗi. Yaya ya yi tsaki zai wuce, na ce a karɓa. Wannan faifan ya yi mana amfani fiye da duk takardun da muka tara, domin shi likitoci ke sa wa a kwamfuta su auna ƙarin, su kwatanta shi da hoton da za a yi gaba.

Ganin babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa wani aiki ne mai zaman kansa. Rana ɗaya a mako suke duba marasa lafiyan waje. Sai da takardar turawa daga asibitin farko, sannan a buɗe kati, a buɗe fayil, a biya, a kai rasit wani ɗaki daban a buga hatimi. Ranar farko mun iso ƙarfe 8 muka tarar an gama raba lamba. Mako na gaba Yaya ya zo tun bayan sallar asuba ya kama mana layi, aka kira ni wajen azahar. A benci na ga mutanen Jigawa da Katsina da Yobe, har da wata mata daga Damagaram da ɗanta mai babban kai. Likitocin wannan fanni kaɗan ne a duk Arewa, shi ya sa wasu ke nufar Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa.

Likitan ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mana wani wuri fari-fari, girmansa kamar ƙwan kaza. Yaya ya tambaya kai tsaye, "Likita, kansa ce?" Ya ce, "Alhaji, hoto yana nuna mana inda abu yake da girmansa, ba ya faɗin sunansa. Suna sai an ciro nama an duba." Ya ce a zatonsa giliyoma ce mai tafiyar hawainiya, domin ba ta sha allurar nan ba, kuma ɗigon allin da aka gani a CT alama ce ta abin da ya daɗe a wurin. Ya bayyana mana cewa giliyoma tana tasowa ne daga cikin naman ƙwaƙwalwar kanta, ba ta da iyaka a fili, tana shiga kamar yadda mai ke shiga yadi. Ya canza mini magani zuwa lebetirasitam, wanda aka fi sani da Keppra, safe da dare. Azumi ya riga ya kama, na tambaye shi ko zan iya haɗa ƙwayoyin a sha ruwa da sahur. Ya ce, "Malama, a bana ki ajiye, ki rama idan Allah ya ba ki lafiya. Rashin barci da tsallake magani su ne manyan masu tayar da farfaɗiya." Ya hana ni girki a kan wuta ni kaɗai, da jan ruwa a rijiya, da kulle ƙofar banɗaki. Wannan maganin yana da wani hali da ya kamata a gaya wa mutanen gida tun farko: yana sa saurin fushi. Na yi wa maigidana faɗa a kan murfin tukunya har na yi kuka, muka yi sati ba mu san daga ƙwaya ba ne.

Daga nan sai neman kuɗi. An ba mu jerin kayan tiyata da za mu saya da kanmu, da kuɗin ɗakin tiyata, da na ɗakin kulawa ta musamman da za a ajiye kafin a sa rana. Inshorar lafiyata ta ma'aikata ta ɗauki gwaje-gwajen jini da wasu magunguna, amma babban kaso a kanmu ya faɗo. Wani ya ce mana gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu ciwon daji. Yaya ya yi kwana biyu yana bin ofisoshi kafin ya gano cewa a lokacin asusun na masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ne, ƙwaƙwalwa ba ta ciki. Muka sayar da filin gadonmu da sarƙar aurena, malaman makarantarmu suka yi karo-karo. An kuma ce mu kawo masu ba da jini leda 4. Ƙannena maza da ɗaliban islamiyyar maigidana suka zo su bakwai, aka ɗauki na huɗu. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa, sau ɗaya don babu gado a ɗakin kulawa ta musamman, sau ɗaya don an kawo wanda ya yi haɗarin mota. Na biyun ya fi mini ciwo, domin na kwana ban ci ba, an riga an tsefe mini kitso.

Bayan babbar sallah aka yi. Daren da ya gabata likitan sa barci ya zo ya sa na buɗe baki, ya tambayi magungunan da nake sha, ya ga haƙorin da cokali ya ɓalla ya rubuta. Aka kawo takardar amincewa. Maigidana ya miƙa hannu zai karɓa, ƙaramin likitan ya ce, "A'a, Malam, ita za ta sa hannu, kai shaida ne." Ya karanto mana haɗarin ɗaya bayan ɗaya: zubar jini, shanyewar ɓarin hagu, shigar ƙwayar cuta, mutuwa. Na tambaye shi abin da na gani a waya, cewa akwai inda ake yi wa mutum tiyatar kai idonsa biyu. Ya ce gaskiya ne, ana tashin mara lafiya a tsakiyar aiki a sa shi magana ko motsa yatsu idan ƙarin yana dab da wurin magana ko motsi, domin naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi, amma nawa a barci za a yi, kuma idan suka kusanci jijiyoyin motsi za su tsaya ko da sauran ƙari. Da safe wata sista ta aske mini gaban kai daga dama da reza. Ina kallon gashin yana zuba a kan farar leda, a nan ne na fara kuka, ban yi ba lokacin da aka karanto mutuwa.

Awa 6 aka ce an yi. Na farka da ƙishirwa da nauyin kai, da wata siririyar roba da ke fitar da jini daga ƙarƙashin bandeji. Hannuna na hagu yana kwance kamar ba nawa ba. Likita ya ce in matsa yatsunsa, na kasa. Ya ce in kwantar da hankalina, irin wannan raunin yakan biyo bayan aiki a wannan yankin kuma yawanci yana dawowa cikin makonni. Haka kuwa aka yi, a rana ta 10 na iya riƙe kofi. An sa ni a kan deksametazon don kumburin ƙwaƙwalwa. Ya kumbura mini fuska, ya hana ni barci, ya sa ni ci kamar gara, sukarina ya hau har aka riƙa tsira mini yatsa safe da yamma. Shi ma ba a yanke shi lokaci guda, a hankali ake ragewa.

A ranar tiyatar, ina can ban sani ba, aka fito aka miƙa wa Yaya wata 'yar roba da nama a cikin ruwan fomalin, da takarda, aka ce ya kai ɗakin binciken nama ya biya. Ya ce mini ya riƙe ta da hannu biyu yana tafiya a baranda, yana tunanin wai wannan abin da bai kai tsokar miya ba shi ya tayar da gidanmu. A ajiye rasit ɗin nan da lambar da aka rubuta a kai. Da lambar ake neman komai daga baya, ba da suna ba.

A ɗakin da aka kwantar da ni na fahimci cewa kalmar ƙari da muke yi wa komai jam'u tana ɓoye abubuwa masu nisa da juna. Gadon da ke kusa da nawa wata dattijuwa ce da aka cire wa meninjiyoma, ƙarin da ke fitowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Shi ne ya fi yawa a manya, kuma akasarinsa ba sankara ba ne. An ciro nata ɗungurungum, aka ce ta riƙa zuwa hoto kawai. Yaya kuma ya saba da wani saurayi a baranda da ke jinyar mahaifinsa a ɓangaren maza, shi giliyobilastoma aka samu, mataki na 4, mafi tsanani. Iyalai uku, kowa a gida an ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, amma abin da ke gaban kowannenmu daban.

An sallame ni bayan kwana 12, aka ce sakamakon nama zai fito cikin mako biyu zuwa uku. Sai da ya yi biyar. Ranar da aka ba mu mu dawo ta faɗa cikin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon watan Agusta, aka sa dokar hana fita a Kano, muka ƙara mako. Da takardar ta zo hannu, layi biyu ne masu muhimmanci: giliyoma mataki na 2, sannan a ƙasa an rubuta cewa ana ba da shawarar ƙarin gwaji. Mu dai muka ga lamba 2 muka yi hamdala, Umma ta yi sadakar waina. Da a nan muka tsaya, da har yau ban san ciwona ba.

Wata ƙaramar likita a sashen ciwon daji ce ta zaunar da mu. Ta ce tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shigar da gwajin ƙwayoyin halitta cikin yadda ake raɗa wa ƙarin ƙwaƙwalwa suna, kuma a tsarin 2021 abin ya zama ginshiƙi, kallon nama a madubin likita kaɗai bai isa ba. Abu na farko da ake nema shi ne canji a wata ƙwayar halitta mai suna IDH, wanda masu bincike a Amurka suka gano a 2008. Giliyomar da ke da wannan canjin ta fi jinkirin tafiya kuma masu ita sun fi daɗewa. Wadda ba ta da shi, ko da ta yi kama da mai sauƙi a madubi, tana iya zama giliyobilastoma da ta ɓad da kama. Na biyu, a duba kuromozom, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta, a ga ko wani ɓangare na na 1 da na 19 sun ɓace tare, abin da suke rubutawa 1p/19q. Idan akwai canjin IDH kuma sun ɓace, sunan ciwon oligodendirogiliyoma. Idan ba su ɓace ba, astirosayitoma ne. Na ce, "Likita, duk wannan dogon suna me zai ƙara mini?" Ta ce, "Anti, shi zai gaya mana ko mu tura ki gashi a wannan watan, ko mu jira shekaru."

Kalmar gashi ma sai da ta haɗa mu rigima a gida. Ina zuwa gashi saboda hannuna, wato motsa jiki da ake yi wa mai shanyewar gaɓa. Da Gwaggo ta ji ana maganar kuɗin gashi a Abuja ko Legas sai ta ce ai ana yi mini a nan, cutarmu ake so a yi. Sai da aka yi mata bayani cewa wancan na'ura ce da ke ƙona ƙari da haske mai ƙarfi, ba ruwansa da matsa hannu.

Asibitin ba ya yin waɗannan gwaje-gwajen, sai a waje. Abin da ake turawa shi ne naman da aka ciro, wanda ɗakin bincike ke daskararwa a cikin ɗan dunƙulen kaki mai girman akwatin ashana, ma'aikata suna ce masa bulok, tare da gilasan da aka shafa yankan naman a kai. Ban taɓa sanin ana ajiye su ba, balle in san ina da ikon nema. Likita ta rubuta wasiƙa, muka rubuta tamu ta roƙo zuwa ga shugaban sashen, muka haɗa da kwafin rasit da na sakamako, aka biya kuɗin fitarwa. Kwana 8 Yaya yana zarya, yau mai makulli ba ya nan, gobe ba a sa hannu ba. Muka aika wa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Legas. Na IDH a can aka yi shi, ya fito cikin kwana 10: akwai canjin. Na 1p/19q kuwa sai da su ma suka tura ƙasar waje, kuɗinsa da lissafin dala, muka jira kusan wata guda. A ƙarshen Satumba saƙo ya shigo wayar Yaya. Oligodendirogiliyoma, mataki na 2. Wata 7 ke nan daga ranar da na faɗi a gindin igiyar shanya.

A tsakanin nan aka sake MRI don a ga abin da ya rage. Likitar ta ce da so samu ne, ana yin wannan hoton cikin kwana biyu zuwa uku bayan tiyata, kafin warkewar rauni ta rikita hoton. Mu ba a ce mana ba, kuma ko an ce ban san inda za mu samo kuɗin ba a lokacin. Hoton ya nuna saura ɗan kaɗan a gefen jijiyoyin motsi, inda likitan ya ce zai tsaya.

Zaman da aka yi da mu bayan nan shi ne karo na farko da na ji ana ba ni zaɓi. Hanya ɗaya ita ce gashi sannan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ƙari, mai haɗin magunguna 3 da ake kira PCV. Wani dogon bincike da aka fitar a 2016 ya nuna cewa a masu giliyoma mataki na 2 da ke cikin haɗari, waɗanda aka haɗa wa gashi da PCV sun rayu tsaka-tsakin shekara 13.3, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai 7.8. Sai dai gashi a ƙwaƙwalwa yana iya taɓa tunani da riƙe abu bayan shekaru, ni kuwa da kaina nake cin abinci. Hanya ta biyu, a sa ido da hoto a kai a kai, a ajiye gashi sai ranar da ƙarin ya motsa. Sai ta ambaci ta uku tana ɗan murmushi, irin na wanda ya san abin da zai biyo baya. A watan Agustan 2024, daidai lokacin da muke zaryar neman bulok, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna borasidenib, a kasuwa Voranigo, ta kamfanin Servier na Faransa. Canjin IDH yana sa ƙarin ya riƙa samar da wani sinadari da ke rura girmansa, ƙwayar kuma tana toshe wannan hanyar, kuma tana iya ratsa shingen da ke hana yawancin magunguna shiga ƙwaƙwalwa. A gwajin da aka yi wa mutum 331 masu irin ciwona, waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai, masu shan ta sun yi tsaka-tsakin wata 27.7 ƙarin bai ci gaba ba, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki wata 11.1. Ba ta warkarwa, jinkiri take sayo wa mutum, kuma sai ana duba hanta a kai a kai. Yaya ya gyara zama ya ce, "Nawa ne?" Ta ce a Amurka kusan dala 40,000 a wata. Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo, ya ce ko duk layinmu aka sayar ba za a yi shekara ba.

Na yi kwanaki ina jin haushin sanin wannan maganin. Daga baya na ga cewa ko ba komai takardata tana ɗauke da abin da ake buƙata. Duk ranar da farashi ya sauko, ko aka buɗe wani gwaji da za a iya shiga, tambayar farko da za a yi ita ce ko akwai canjin IDH, ni kuwa amsata tana cikin jaka. Muka zaɓi sa ido.

Saurayin nan mai jinyar mahaifinsa ya ci gaba da kiran Yaya. Su babu zancen jira. Tsarin da ake bi tun 2005 suka bi: gashi sau 30 cikin mako 6, Litinin zuwa Juma'a, tare da ƙwayar temozolomid kullum, sannan a ci gaba da ita kwana 5 a kowane kwana 28. Sai da suka kama ɗaki a wani gari, kuma na'urar ta tsaya musu a tsakiya suka yi kwanaki suna jira. Binciken da ya kafa wannan tsarin ya ɗaga tsaka-tsakin rayuwa ne daga wata 12.1 zuwa 14.6, abin da ke nuna irin taurin kan ciwon. Yaron ya karanta komai a waya: hular lantarki ta Optune da ake manna wa a kai a ƙalla awa 18 a rana, ruwan 5-ALA da ake sha kafin tiyata ya sa ƙarin ya yi haske ja-ja a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, da gwajin CAR-T da aka yi wa mutane ƙalilan a Amurka, inda ake horar da sojojin jinin mutum su far wa ƙarin, ya motse da sauri a wasu amma ya dawo. Ba ko ɗaya da hannunsu ya kai. Wani mai maganin gargajiya a Facebook ya karɓe musu kuɗi masu yawa da alkawarin narkar da ƙari cikin kwana 40. Mahaifin ya rasu kafin azumin da ya biyo baya, Allah ya jiƙansa.

Wanda ya tsinci kansa a wannan hanya, babba ya fara farfaɗiya da girmansa, ko ciwon kai mai tsananta da asuba tare da amai, ko rauni a ɓari ɗaya, ko hali ya canza ba dalili, ya nemi hoton kai da wuri, addu'a kuma ba ta hana. A tambayi likita tun kafin a biya ko MRI mai allura yake so, a yi gwajin ƙoda a riƙe, a karɓi faifai kowane lokaci. A sami jaka ɗaya a zuba komai, a ɗauki hoton kowace takarda a waya, domin fayil ɗina ya taɓa ɓata na mako biyu. A riƙa shiga wurin likita mutum biyu, ɗaya na saurare ɗaya na rubutu, don mai ciwo rabin maganar yake ji. Tun kafin tiyata a tambayi inda za a kai nama da ko za a yi hoto a kwanakin farko, a ware kuɗin gwajin IDH da 1p/19q cikin lissafi, kada a bari sai aljihu ya bushe kamar yadda ya same mu. Idan giliyobilastoma ce akwai wani gwajin, MGMT, da ke nuna ko temozolomid zai fi kama ta. Mace mai shekarun haihuwa kuma ta yi maganar ciki da tsarin iyali a fili da likita kafin a fara kowane magani, ni kunya ta sa sai a zuwa na uku na iya tambaya.

Na koma aji a zango na biyu. Hannun ya dawo, sai dai yakan gaji idan na daɗe ina tankaɗe. Ina shan ƙwayata ƙarfe 7 na safe da 7 na dare, babbar 'yata ce mai tuni. Ana yi mini MRI duk wata 6 yanzu, kuma makon da ke gaban kowane hoto ba na iya cin abincin kirki. Ɗakin gwajin na Legas sun dawo mana da bulok ɗin bayan mun yi ta kira. Likita ta ce kada zafi ya taɓa shi, kaki ne, don haka yana cikin gwangwanin alewa a ƙasan durowar Umma, ɗakinta ya fi namu sanyi, da lambarsa a rubuce a jikin murfin.